Ƙannena Shida na Kan Takarda

Ɗakin yana cikin wani gida ne a Agege, bayan layin dogo, irin gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya. Na kama shi tun ina da ƙarfin ɗaukar buhu a Ijora. Da bayana ya ƙi, na koma tura baron rake, sai ɗakin ya zama shi ne gonata. Ba shi da girma, amma in mutum ya iya shimfiɗa tabarma yana cin mutum bakwai. Ni ɗaya, sai 'yan ci-rani shida daga garinmu da ƙauyukan gefe. Duk ƙarshen mako kowa yana ba ni abin da muke kira kuɗin tabarma. Da shi nake biyan haya, ragowar in aika wa iyali gida. Rake bakina kawai yake ciyarwa.

Mai gidan wata tsohuwa ce, Hajiya, haifaffiyar Agege, 'yar goro tun iyaye da kakanni. In ranta ya ɓaci rabin faɗan da Yarabanci take yi. Doka ɗaya ta kafa, ba a haya cikin haya. Ɗan'uwanka na jini ya kwana a ɗakinka ko shekara nawa ne, amma in ta kama ka kana karɓar kuɗi a hannun bare, ranar za ka ga kayanka a bakin kwata. Na ga an yi wa wani tela haka, har da kekensa. Don haka duk wanda ya sauka wajena, kafin ya ajiye jaka nake kai shi ya gaishe ta, in ce ƙanena ne. A wajenmu wannan ba ƙarya ba ce can. In garinku ɗaya da mutum kuma ka girme shi, ai ƙanenka ne. Idon Hajiya ya fara rauni, su kuma sammako suke yi su dawo da yamma a galabaice, ba ta taɓa riƙe fuskokinsu ba. Takan ce dai ubanku ya yi ƙoƙari. In ce ai mata huɗu ya ajiye. Ta ce Allah ya jiƙan maza.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, bayan girbi, ɗaki ya cika, wata Lahadi da la'asar sai ga wata mata da jaka da takardu maƙale a jikin wani ɗan katako. Daga wajen Jos take, Kirista, Hausarta tsaf. Ta ce ita ba haraji ba ce, ba 'yar sanda ba ce, ba 'yar jam'iyya ba ce. Masu bincike ne suka turo ta, an yi ƙuri'a ta faɗo kan ɗakina. Suna so su san yadda rayuwar mutane ke tafiya tunda farar hula sun hau: wa ke aiki, me yake samu, wa ya yi aure, wa aka haifa. Kuma za ta dawo baɗi, ta dawo baɗin baɗaɗa, ɗakin nan dai, mutanen nan dai, a ga ko sama aka yi ko ƙasa.

Na ji wannan na ƙarshen amma ban ɗauke shi da gaske ba. A Legas wanda ya tafi neman canji ma ba ya dawowa.

Mace ba za ta shiga ɗakin gardawa ba, sai aka sa mata benci a tsakar gida. Ta ce duk abin da na faɗa sirri ne, ba wanda zai ji. Tana cikin faɗin haka Hajiya ta jawo kujerarta da kwandon goro ta zauna taku uku daga gare mu, ta hau tsince goro tana jerawa a ganye.

Malama ta tambayi su wa ke kwana a ɗakin. Na lissafa. Ta ce mene ne tsakaninku? Na dubi kwandon goro na ce ƙannena ne. Uba ɗaya? Uba ɗaya. Ta rubuta ni a layi na ɗaya a matsayin maigida, ta jera su shida a ƙasa, kowa da layinsa, da shekarunsa, da sana'arsa, da ko yana da aure. Ta yi tambayoyi da yawa, wasu ma ban san na amsa ba, don hankalina yana kan raken da na bari a rana. Da aka zo kan abin da ake samu, kowa ya zama fakiri. A gaban mai gidan haya ba wanda yake samun komai. Ta ba mu sabulu da bokitin roba ta tafi. Muka yi wanka da sabulun muka manta da ita.

Damina ta zo, 'yan ci-rani suka watse gida noma kamar kullum. Da aka gama girbi ɗaki ya sake cika, amma cikin shidan nan mutum ɗaya kaɗai ya dawo. Wani ya yi aure ya zauna, wani ya wuce Fatakwal, sauran ban ma ji labarinsu ba. Sababbi biyar suka maye, na kai su suka gaida Hajiya, ta ce sannunku da dawowa.

Wata Laraba na dawo da baro na tarar da Malama a ƙofar ɗaki. Ta gaishe ni da sunana. Ta ce ranar Lahadi za ta zo, in tara mata ƙannena, sai ta hau karanto su ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar lafiyar kowa. Hajiya tana bakin rijiya tana alwala, kunnenta a buɗe. Na ce duk suna lafiya. Na roƙe ta ta rubuta mini su a 'yar takarda da shekarunsu da sana'arsu, don in tabbatar ban bar kowa ba. Ta yaba da kulawata. Aji huɗu na yi a firamare, ya ishe ni karanta wannan.

Kwana huɗu nake da su. Na tara mutanen ɗaki na ce musu gaskiya: in matar nan ta ce a gaban Hajiya fuskokin sun canja, dukanmu ƙarƙashin gada za mu kwana. Na raba musu layi. Sunayen suka yi ta rikice musu, sai muka koma kiran juna da lamba. Ni Lamba Ɗaya. Wanda ya dawo shi ne Lamba Biyu, shi kaɗai ne bai da aiki sai ya zama kansa, kuma shi ya fi kowa yin kuskure.

Lamba Huɗu a takarda ɗan okada ne, wato acaɓa, mai shekara ashirin da biyar. Wanda ya gaji layin dattijo ne mai yankan farce, gemunsa ya fara fari. Na ce ya aske, ya ce ko uwarsa ba ta isa ba. Lamba Uku tuzuru ne, bai taɓa ko kai kuɗin gaisuwa ba, ya wayi gari da mata da 'ya'ya biyu. Duk safiya 'yan ɗaki sai sun tambaye shi ya mai ɗaki, ya yara, an yi wa ƙaramin kaciya kuwa? Da farko yana zagi, daga baya ya fara amsawa da lafiya lau, har da ɗan sunkuyar da kai.

Lahadi ta zo, Malama ta zo da abin da ban yi tsammani ba, sikeli da abin awon tsawo. Ashe bara ma ta auna su, ina can ina duba rake. Lamba Shida na bara gajere ne ɗan dako a kasuwar Mile 12. Na bana sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ta auna shi, ta duba takarda, ta sake aunawa. Ta ce mutum mai shekara talatin ya ƙaru da kusan taƙi guda a shekara ɗaya?

Na ce, "Malama, mulkin farar hula ne ya karɓe shi."

Ta ce wataƙila bara ita ce ta rubuta ba daidai ba, ranar gida tara ta shiga. Ta gyara na bara da hannunta. Na ji kunya kaɗan, amma ba ta daɗe ba.

Ta tambayi Lamba Huɗu me ya sa ya bar okada. Ya ce motar hayar nan danfo ce ta kwashe shi a Oyingbo. Ta ce gemun fa? Ya ce tun ranar ya yi fari, don tsoro. Ta rubuta. Lamba Uku da aka tambaye shi ko an sami ƙaruwa, ban ankara ba na ji ya ce eh, namiji, wata biyu ke nan. Malama ta yi masa barka, Hajiya ta miƙo masa goro biyu ta ce me ya sa ba a gaya mata ba. Lamba Biyar kuwa mai tura ruwa ne, mutum mai son a san shi. Da aka tambaye shi abin da yake samu a rana, ya faɗi gaskiya, har ya ɗora kaɗan. Na ga hannun Hajiya ya tsaya cik a kan goro. Na taka masa ƙafa na ce wa Malama wannan a wajen dangin uwarsa ya tashi a Nijar, da sefa yake lissafi. Hannun Hajiya ya ci gaba.

Bayan ta tafi na kama Lamba Uku na ce masa duk ɗan da ya haifa ni zan riƙe shi a kai har baɗi, don haka ya tsaya haka nan. Ya ce haihuwa ta Allah ce.

In faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi a lokacin. Mutumin da ya shekara ashirin ana ce masa kai, zo ɗauki wannan, ga shi yana zaune a benci ana kiransa maigida, ana rubuta abin da ya faɗa. Sai dai akwai gajiya. 'Yar takardar nan a cikin hulata ta shekara. Duk wanda ya zo neman tabarma sai na duba tsawonsa kafin in duba halinsa.

A shekara ta uku na riga na ƙware. Na sami mutum biyar, na raba musu layi tun kafin Malama ta aiko. Layi ɗaya ya rage, na bakwai. A makon ne ƙanena ya sauka.

Wannan na gaske ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya, mu biyu ne maza a ɗakin tsohuwarmu. Ya haura arba'in bai taɓa wuce Zariya ba. Rufin ɗakinsa ne ya zube, ya zo neman kuɗin kwano. Mutum ne mai taurin kai tun yana yaro, irin wanda in ya tsinci allura sai ya bi gari yana cigiya. Hajiya ta gan shi a bakin rijiya, ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta ce to, yau dai ga wanda ya yi kama da kai.

Na zaunar da shi na yi masa bayani duka. Na ce layi na bakwai ba shi da wahala, mai gyaran takalmi ne, ba mata ba 'ya'ya, ranar Lahadi kawai zai amsa sunan. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Yaya, sunana rago aka yanka a kansa. Baba ne ya sayar da gero ya saya. Ba zan ajiye shi in ɗauki na wani ba don sabulu."

Na ce ba don sabulu ba ne, don ɗaki ne. Ya ce ko don bene ne. Na ce to ranar Lahadi ya tafi Oyingbo ya ga kasuwa, kada ya dawo sai an kira magariba. Wannan ya yarda. Layi na bakwai na ce zan ce ya je gida jinya.

Lahadi da la'asar muna tsakar gida, Malama a benci, Hajiya da kwandonta, komai yana tafiya sumul. Yaron Lamba Uku ya fara tafiya, ko da yake uban na bana wani ne daban. Muna kan Lamba Biyar sai ga ƙanena ya shigo da sallama. Ashe tasha kawai ya kai. Ya ga yadda kwandasta ke tura mutane cikin danfo yana ihu, ya ce wannan ba motar da mutum mai iyali zai shiga ba ce, ya zauna a masallaci har ya gaji ya dawo.

Malama ta amsa sallamar ta tambaye ni ko shi ma a ɗakin yake kwana. Kafin in buɗe baki ya ce eh, shi ƙanena ne, ciki ɗaya. Ta yi murmushi ta buɗe takardun baya don ta ƙara shi. Sai murmushin ya tafi. Ta ce a shekarar farko ta tambaye ni ko akwai sauran 'yan'uwa maza a gida, na ce babu, 'ya'yan ubanmu maza bakwai ne, ga su duka. Ta karanto mini kamar yadda na faɗa. Ni na manta, takarda ba ta manta ba. Na tuna ma dalili: Hajiya ce ranar ta ce ko akwai sauran da za su zo su cika mata gida, ni kuma na rantse an ƙare.

Ta ce to wanne za ta rubuta?

Mutum biyar suna kallona, kowa da tabarmarsa a zuciya. Na lissafa da sauri irin na 'yan kasuwa, na ce, "Ɗan garinmu ne, Malama. Ai haka muke faɗa."

Ban dubi ƙanena ba, amma na ji idonsa a gefen wuyana.

Hajiya ta ajiye goron da ke hannunta. Ta ce ashe bare ne. Ta ce ita dokarta ɗaya ce kuma kowa ya sani. Tunda bai daɗe ba za ta yafe mini, amma ya kwashe kayansa kafin magariba. Ta ƙara da wani abu da Yarabanci wanda na ji amma ba zan rubuta ba.

Da ƙanena ya yi gardama da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da buhunsa da butarsa, ya durƙusa ya ce wa Hajiya ta yafe masa ruwan rijiyar da ya sha. Ya nufi ƙofa. Mutumin da ya kasa shiga danfo da rana tsaka, bai san kowa ba a garin nan sai ni. Ga 'yan ɗaki biyar da ban san sunan uwar ko ɗaya ba suna zaune a matsayin jinina.

Na ce ya ajiye buhun. Na cire hula na ciro 'yar takardar na miƙa wa Malama. Na ce wannan shi kaɗai ne ƙanena. Sauran 'yan garinmu ne, wasu ma ba garinmu ba, kuma ba su ne na bara ba, na bara ma, ban da mutum ɗaya, ba su ne na farko ba. Ubanmu mace ɗaya ya ajiye har ya mutu.

Malama ta duba takardar. Ta ce har Lamba Shida? Na ce mutum uku ne. Ta ce yaron Lamba Uku fa? Na ce babu shi. Ta ce har yaron? Na ce har yaron. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ashe ta zo masa da 'yar riga a jaka. Ta dafa kai ta ce shekara uku tana kai rahoton gida guda mai zumunci, 'yan'uwa bakwai ba a taɓa rabuwa ba, ga canjin sana'a, ga ƙaruwa, har shugabanta yakan tambaye ta labarinmu. Na ce ta gaishe shi.

Ni Hajiya nake jira. Na riga na fara tunanin inda zan ajiye baro. Ba ta yi ihu ba. Ta kira mutanen ɗaya ɗaya, kowa ya matso ta kalle shi da kyau, karo na farko. Ta tambayi kowa nawa yake ba ni a mako. Suka faɗa, ba wanda ya rage ko kwabo, mutanen da shekara uku ba su da komai. Ta yi lissafi tana motsa baki.

Ta ce, "Ashe ni ce nake haya a gidanka, Oga."

Na ce ta yi haƙuri, Hajiya, yara ne a gida. Ta ce ita ma jikoki gare ta. Ta ce ta yi niyyar watsa mini kaya, amma mutumin da ya tona kansa don ɗan'uwansa ba za ta kai shi kwata ba. Ɗaki yana nan a hannuna, hayar nan dai. 'Yan tabarma su zauna, tunda ba su da laifi sai na biye mini. Amma daga wannan makon kuɗin tabarma hannunta zai riƙa zuwa, kuma ni zan riƙa tarawa in kawo mata, tunda na iya. Ƙanena ya zauna kyauta, jini ne, doka ba ta canja ba.

Malama ta ja layi a kan mutum shida, ta ɗauko sabuwar takarda. Ta ce mu fara daga farko, kuma don Allah. Ta rubuta ni, ta rubuta ƙanena da sunansa na rago. Ta tambaye ni sana'a, na ce rake. Ta tambayi abin da nake samu yanzu, na faɗa mata gaskiya, sai ya zo ƙasa da ƙaryar da na yi shekara uku ina yi. Ta ɗago ta kalle ni ko wasa nake. Hajiya ta ce mata rubuta, wannan karon daidai ne.

Ƙanena mako uku ya yi. Ya gwada dako a Mile 12 kwana biyu, ya ce kwandon tumatir ɗin ba na ɗan Adam ba ne. Ya gwada tura mini baro, ya riƙa gaya wa masu saye wane rake ne ya kwana biyu. A ƙarshe ya ce garin bai karɓe shi ba, zai koma ya rufe ɗakin da ciyawa. Na raka shi har inda motocin goro ke lodi, na roƙi wani direba ya sa shi a gaba.

Da ya isa gida ya ba tsohuwarmu labari, amma rabin farko kawai ya bayar. Wata guda bayan nan saƙonta ya iso ni ta bakin wani mai albasa, a gaban mutane: wai ta ji na ce ɗanta ɗan garinmu ne, to tana tambaya, ita kuma mece ce, maƙwabciya?